Daga Ataba Zuwa Titin Faisal: Bin Sawun Falasɗinu a Jikin Kan Sarki

Wanda ya je Alƙahira neman kan sarkin da aka buga saboda Falasɗinu, dandalin Ataba ne mafarinsa. In ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Sadat da ke dandalin Tahrir, ka bi layi na biyu, tasha ɗaya za ka tsallake, ta gaba ita ce Ataba. Kana fitowa hayaniyar 'yan tireda za ta tare ka, masu takalma da masu kayan wuta da masu agogo, sai ka kutsa kafin ka hango tsohon ginin babban gidan waya. A saman benensa gidan tarihin wasiƙu yake. An kafa shi a zamanin Sarki Fu'ad a 1934, shekarar da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta yi babban taronta a Alƙahira, aka buɗe wa jama'a shi a 1940. Da hantsi na isa, ranar aiki, domin Juma'a da Asabar ma'aikatun gwamnatin Masar hutu suke yi.

A ciki akwai tsofaffin akwatunan wasiƙa, kakin masinjoji, hatimai, jakunkuna, da jerin kan sarkin Masar tun daga na farko na 1866. Amfanin wurin ga mai niyyar saye shi ne horar da ido. Ka tsaya gaban jerin zamanin Sarki Faruk, ka ƙare wa launi da laushin bugun kallo, domin a kan waɗannan ne aka ɗora sunan Falasɗinu a 1948. Wanda bai san asalin da aka ɗora wa suna ba, da wuya ya gane na ƙwarai in an miƙo masa.

Ciniki kuwa a waje ake yinsa. Kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya tana jikin tashar, kuma a cikin tarin mujallu akan tsinci tsofaffin ambulan da katin gaisuwa. Dillalan kan sarki na sosai suna cikin tsofaffin benayen tsakiyar gari, tsakanin Ataba da titin Tal'at Harb, galibi a ɗan ƙaramin shago ko ɗaki a hawa na biyu. Ka yi sallama, ka zauna, ka sha shayin da aka kawo, sannan ka ce Filasɗin kake nema. Kada ka sa hannu cikin kundi. Da hantsaki mai faffaɗan baki ake ɗaukar kan sarki, domin gumin yatsa yana barin tabo a danƙon baya, kuma mai shago yana lura da yadda ka riƙe hantsakin kafin ya yanke shawarar wane kundi zai fito maka da shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Har zuwa tsakiyar Mayun 1948, Birtaniya ce ke riƙe da Falasɗinu, kan sarkinta na can yana ɗauke da rubutu uku, Turanci da Larabci da Ibrananci, da hotuna irin su Ƙubbar Dutse ta Ƙudus da garin Ɗabariyya na bakin tafki. Da wa'adin mulkinta ya ƙarato, sai gidajen wayarta suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 15 ga Mayu rundunar Masar ta shiga ta kudu, a yaƙin da ya ɓarke tsakanin ƙasashen Larabawa da sabuwar ƙasar Isra'ila. Garuruwan da ta kama suna buƙatar wasiƙa, babu kuma lokacin zana sabon kan sarki, sai aka ɗauko na Faruk da ke ajiye aka mayar da shi maɗaba'a, aka ƙara buga masa kalma ɗaya da harshe biyu, Larabci a sama, Turanci a ƙasa. Tawadar ƙarin bugun ja ce, ko kore, ko baƙa, gwargwadon launin da zai fito a jikin kowanne. Ƙananan kuɗi suna da ƙaramin rubutu, manya masu faɗin takarda suna da babba. Kuɗin Masar ne a kai: milim dubu ke yin fam guda, milim goma ke yin ƙirshi. A watan Yuni na shekarar Masar ta kuma fitar wa kanta wani na milim 10, kore, mai hoton sojoji a jere sun nufi Gaza. Wannan ba shi da ƙarin bugu, a cikin Masar aka yi aiki da shi, kuma shi ne kan sarkin yaƙi a zahiri: ana tsakiyar faɗa aka buga shi.

Ƙananan kuɗin wannan jeri suna da arha, an buga su da yawa. Matsalar tana wajen manyan, na ƙirshi 50 da na fam guda, da kuma waɗanda aka ce an yi kuskure wajen bugu, rubutun ya juye ko ya fito sau biyu. A nan 'yan jabu ke cin kasuwa, don aikin ba wuya: su sayi na Faruk na gaske da araha, su ɗora masa kalmar. Kamar a ɗinka sabuwar aska a tsohuwar riga ne, rigar ta gaske ce, aikin wuyan ne baƙo. Shi ya sa auna haƙoran gefen kan sarki da duba tambarin da ke ɓoye cikin takardarsa ba sa kama irin wannan jabu, asalin kawai suke tabbatarwa.

Abin da ke kama shi madubin ƙara girma ne mai ninki goma, da haske daga gefe. Da haruffan ƙarfe aka danna ƙarin bugun na ainihi, saboda haka in ka kifa kan sarkin ka haska bayansa a karkace, sau da yawa za ka ga ɗan tudun haruffan ya fito. Ta gaba kuma tawadar takan taru a bakin harafi ta yi masa ɗan layi mai duhu, tsakiyar ta fi haske kaɗan. Na injin ofis na zamani shafe yake ta baya, ta gaba yana ƙyalli, da 'yan ɗige-ɗigen baƙi a warwatse kewaye da harafin. Sai ka jera shi da ƙaramin kuɗi mai irin rubutunsa wanda ba ka shakka, ka gwada tsawon kalmar da ma'aunin milimita, ka duba tazarar da ke tsakanin layin Larabci da na Turanci, ka duba ɗigon harafin fa da ɗigo biyu na ƙarƙashin harafin ya. Rabin milimita ya isa ya tona asiri. In kan sarkin ya sha hatimi, tambaya ɗaya ce: wanne ke sama? Dole hatimin gidan waya ya hau kan kalmar, tunda ita aka fara bugawa. Duk inda ka ga jar tawada ta rufe baƙin layin hatimi, mayar masa da kayansa.

Kwanan watan hatimi shi ma shaida ne, kuma a nan sanin tarihin yaƙin yake biyan mai shi. A farkon lamarin Masar ta buɗe gidajen waya har a wajen abin da muke kira Zirin Gaza a yau, irin su Majdal da Bi'irus Saba'a. Bi'irus Saba'a ta fita hannunta ranar 21 ga Oktoba 1948, Majdal ta bi a farkon Nuwamba. Aka sa hannu kan tsagaita wuta a tsibirin Rodos ranar 24 ga Fabrairu 1949, abin da ya rage wa Masar shi ne Gaza da Khan Yunis da Dairul Balah da Rafah da kewayensu. To hatimin Majdal na watan Agusta 1948 abu ne mai daraja ƙwarai, domin 'yan watanni kaɗan ƙofar ta yi a buɗe. Hatimin Majdal na 1950 a kan kan sarkin Masar kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ambulan na gaske daga wannan zamani yakan zo da hatimin masu tace wasiƙu na Masar, wani lokaci an farke gefensa an sake liƙewa da takardar hukuma, a baya kuma akwai hatimin garin da ya ratsa ko ya sauka. Ka bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, su yi gaba, kada su koma baya.

Ni a ganina ambulan guda da ya fito daga Khan Yunis da adireshi da rubutun hannun mai shi ya fi cikakken jeri sabo fil da bai taɓa shiga jakar masinja ba. Sabon jerin yana gaya maka abin da gwamnati ta buga. Ambulan yana nuna maka cewa a wata rana takamaimai wani mutum, wataƙila ɗan gudun hijirar da aka koro daga ƙauyensa, ya tsaya a kanta ya biya milim ɗinsa don ya sanar da ɗan'uwansa inda ya faɗa. Saboda haka ba a ɓamɓare kan sarki daga tsohon ambulan. Wanda ya yi haka ya raba shaida da mai ita, ya kuma zubar da mafi yawan kuɗin.

Kundin Gaza yana ci gaba da bin siyasar Alƙahira shafi bayan shafi. Sojoji sun tuɓe Faruk a Yulin 1952, a 1953 aka soke fuskarsa da baƙaƙen layuka uku, sai ka ga kan sarki ɗaya da bugu kashi uku: asalin hoto, sunan Falasɗinu, da layukan. Su ma layukan ana ƙara su da hannun jabu, gwajin ɗaya ne da na sama. Isra'ila ta mamaye zirin daga Nuwamban 1956 zuwa Maris 1957, da ta janye Masar ta fitar da mai taswira da rubutun cewa Gaza yanki ne na al'ummar Larabawa. Daga baya aka daina yawan ƙarin bugu, ana fitar da zane ɗaya kashi biyu, na Masar da na Gaza, na Gazan da wani launi dabam da sunan Falasɗinu a cikin ainihin zanen. Sabon shiga yakan ɗauka iri ɗaya ne ya mayar da guda, alhali kowanne da gurbinsa. Na 1960 na Shekarar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya yana nuna uwa da ɗanta da taswirar ƙasar. Na 1965 ya fi kowanne zafi: wuƙa a soke cikin taswira, jini yana zuba, don tunawa da kisan Dair Yasin na 9 ga Afrilu 1948, inda mayaƙan ƙungiyoyin Yahudawa na Irgun da Lehi suka kashe fiye da mutum ɗari na ƙauyen. Iraƙi da Kuwait da Jodan duk sun fitar da irin wannan zane a shekarar. Jerin Gaza ya tsaya cak da yaƙin Yunin 1967.

Daga Alƙahira zuwa Amman, babban birnin Jodan, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce a jirgin sama. Mai son ƙasa da ruwa yana iya bi ta Nuwaiba ya tsallaka zuwa Aƙaba, sai dai ya ware yini guda cur ko fiye. Kafin ka bar Masar, ka karɓi rasit na abin da ka saya, ka kuma san cewa dokar kayan tarihi ta can tana shafar abin da ya haura shekara ɗari. Kayan 1948 ba su kai ba tukuna, amma ambulan na zamanin Daular Usmaniyya sun kai.

A Amman na gangara tsakiyar gari, inda suke kira Wasɗul Balad, kwarin da duwatsu suka kewaye. A titin Sarki Faisal akwai wani tsohon gini na 1924 da ake kira Diwanul Duk, ana hawa ta wata siririyar matattakala. Shi ne ya taɓa zama babban gidan wayar garin, yanzu an bar shi a buɗe ga masu ziyara da tsofaffin kujeru da hotuna. Daga barandarsa kana kallon titin har wajen Masallacin Husaini, kuma a lungunan da ke tsakani ne masu sayar da tsofaffin kuɗi da lambobin yabo suke ajiye kundin kan sarki a ƙarƙashin kanta. Yawancinsu sai ka tambaya suke fitarwa. Da dama daga cikin mutanen garin asalinsu Falasɗinawa ne daga hayin kogin Jodan, Nablus ko Yafa ko Halil, don haka maganar ba ta yi musu nisa ba, kuma ya kyautu baƙo ya yi ciniki da ladabi a kan irin wannan kaya.

A nan ne na zauna da jerin da na fi girmamawa a duk fagen, na taimako na 1947. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta yi taro a Bludan ta ƙasar Siriya a Yunin 1946, ta amince a kafa asusun taimakon Falasɗinu. Masarautar Sarki Abdullahi, wato Jodan, ta tara nata kason ta gidan waya. A ƙarshen Mayun 1947, shekara guda kafin yaƙin ya game, ta fitar da kan sarki goma sha biyu, daga mil 1 zuwa fam guda na kuɗin Falasɗinu, wanda shi ake kashewa a ƙasar a lokacin. Hoto uku aka raba musu, huɗu-huɗu: Masallacin Annabi Ibrahim na Halil a kan mil 1, 2, 3 da 5, Ƙubbar Dutse a kan 10, 15, 20 da 50, garin Akka na bakin teku a kan 100, 200, 500 da fam. Kamfanin De La Rue na Ingila ne ya buga su da farantin ƙarfe da aka sassaƙa, shi ya sa in ka duba da madubi layuka za ka gani, ba ɗige-ɗige ba, tawadar kuma ta ɗan tasa a kan takarda.

Waɗannan ba sa biyan kuɗin kai wasiƙa. Haraji ne na dole da ake liƙawa a gefen kan sarkin aikawa, kuma a wasiƙar da za ta fita waje rabin kuɗin aikawar ake biya. A ce kuɗin kai wasiƙarka mil 20 ne, sai ka ƙara na taimako na mil 10. Wannan lissafi shi ne makamin mai saye. Ka tara kuɗin kan sarkin aikawa da ke jikin ambulan, ka raba biyu, ka gwada da na taimakon. In sun yi daidai, alama ce mai kyau. In ka ga na taimako na mil 200 a kan ɗan siririn ambulan da aka aika da mil 20, ɗayan biyu ne: ko wani mai tara kan sarki ne ya shirya shi don ado tun a lokacin, ko an liƙa shi daga baya. Ka duba ko hatimin ya haɗa kan sarkin da takardar ambulan, wato rabin da'irar a jikinsa, rabi a waje, layin bai karye ba.

Abin da ya sa na fifita wannan jeri shi ne kuɗi ne na gaske ya fita daga aljihun talaka. Ɗan kasuwa da ɗalibi da tsohuwar da ke aika wa ɗanta saƙo duk sun biya. Jodan ba ita kaɗai ba ce. Labanon ta ɗauki kan sarkin harajinta ta ƙara masa rubutun Larabci mai cewa na Falasɗinu ne, ƙirshi 5, a 1948. Iraƙi a 1949 ta buga «Inƙazu Filasɗin», wato ceto Falasɗinu, a kan masu hoton Sarki Faisal na Biyu yana yaro, da ƙananan kuɗi na filis 2 da 5 da 10. A kundayen farashi na Turai da Amurka ba a jera irin waɗannan cikin sauran ba, can ƙarshen babin ƙasar ake kai su ƙarƙashin harajin gidan waya, su kuma na yankunan da aka riƙe suna da nasu sashe. Mai nema a tsakiyar babi sai ya zaci babu su.

Jodan ma ta yi nata ƙarin bugun. Rundunarta ta riƙe Gaɓar Yamma ta kogin Jodan da tsohon birnin Ƙudus, a Disamban 1948 kuma, watan da aka yi taron Ariha da ya nemi haɗe gaɓar da masarautar, aka fitar da kan sarkin Sarki Abdullahi da sunan Falasɗinu a kai. An yi aiki da shi a Ƙudus da Nablus da Ramallah da Jenin da Tulkarm. Shi ma jerin taimako an ɗora masa sunan. A nan dole a faɗi gaskiya: wannan ƙarin bugu goyon baya ne, amma kuma alamar iko ce, kowace gwamnati tana nuna inda ƙafarta ta taka. Da aka haɗe gaɓar a hukumance ranar 24 ga Afrilu 1950, sai aka daina buƙatar kan sarki na daban, na Jodan ya game ko'ina. Masar ba ta haɗe Gaza da ƙasarta ba, shi ya sa sunan ya ci gaba da fita a wasiƙun zirin har kusan shekara goma sha tara. A 1950 ɗin ne Jodan ta koma kashe dinari mai filis dubu, sai aka bi ragowar tsofaffin jeri ana soke mil ana buga filis, a 1953 kuma aka buga wa wasu na taimako kalmar «barid», wato aika wasiƙa, aka mayar da su na aikawa. Ka riƙe waɗannan shekaru, domin kan sarki mai filis da hatimin 1949 ba ya yiwuwa.

Bayan 1967 salon ya sauya. Jodan ta rasa gaɓar, sabon ayarin 'yan gudun hijira ya tsallako kogi, a 1969 ta fitar da jeri biyu masu talatin-talatin, ɗaya kan masifar 'yan gudun hijira, ɗaya kan ɓarnar da aka yi a wurare masu tsarki. Hotunan tantuna ne da raunuka da gine-ginen da suka rushe, ba masu daɗin kallo ba ne, ba a kuma yi su don daɗin kallo ba. A manne da juna aka buga su, kowanne da hotonsa, don haka a sayi ɗaurin yadda yake, kada a yarda a yage shi ɗai-ɗai. Ranar 21 ga Agusta na shekarar wani mutumin Ostireliya, Denis Michael Rohan, ya cinna wa Masallacin Al-Aƙsa wuta, mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Wata guda bayan haka shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat, har da na Nijar da Chadi, daga nan ƙungiyarsu ta OIC ta samo tushe. Tun daga lokacin Ƙubbar Dutse ta bazu a kan sarkin duniya: Maleshiya da Indunusiya a 1978, Saudiyya a 1979. Indiya ta fitar da nata na goyon baya ranar 29 ga Nuwamba 1981 da tutoci biyu, Tarayyar Sobiyat ta bi a 1983. Waɗannan shela ce ta matsayin gwamnati, suna da yawa, suna da arha, kuma su ne mafi sauƙin farawa ga sabon mai tarawa. Yarjejeniyar gidajen waya ta duniya a yanzu tana cewa zanen kan sarki ya nisanci siyasa da cin zarafin wata ƙasa, sai dai kowace ƙasa ita ke da ikon abin da za ta buga.

Shafukan ƙarshe na kundin Amman na Falasɗinawa ne da kansu. Bayan yarjejeniyar Gaza da Ariha ta Mayun 1994, Hukumar Falasɗinawa ta fitar da kan sarkinta na farko, bugun Jamus, da kuɗi a mil irin na zamanin da. Isra'ila ta ƙi yarda da wannan kuɗi, a 1995 aka soke shi aka buga filis. Mai tarawa yana neman kashi biyun. Sai a 2013 aka buga mai cewa Ƙasar Falasɗinu. Amma mallakar kan sarki dabam, mallakar hanya dabam: wasiƙar da ta taho daga waje ta Amman sai ta bi ta gadar Sarki Husaini, wadda Isra'ila ke riƙe da ɗaya bakinta. A Agustan 2018 aka saki fiye da tan goma na wasiƙu da ƙunshi da suka maƙale a Jodan tun 2010, aka kai su Ariha ana rarrabawa. Ambulan da ya fito daga wannan tari, da hatimin aikawa da na sauka shekaru a tsakani, kaya ne da ya cancanci a adana. Gidajen wayar ƙasashen Larabawa sun kuma yi zane na bai ɗaya a 2019 mai cewa Ƙudus ce babban birnin Falasɗinu, sannan a 2024, ana cikin yaƙi, wani mai taken kasancewa tare da Gaza. Irin waɗannan a kantar gidan waya ake sayensu a kan kuɗin da ke rubuce a jiki, ba sai an bi ta hannun dillali ba.

Abu biyu na ƙara dubawa kafin in biya kowane sabon kan sarki mai tsada. Na farko danƙon baya. Akan wanke wanda aka taɓa liƙawa a shafa masa sabon danƙo don ya koma kamar bai taɓu ba. Alamarsa tana bakin haƙora: na asali bakinsu yana da ɗan gashin takarda mai laushi, na shafe sun sandare suna ƙyalli. Na biyu tambarin cikin takarda, wanda a na Faruk kambi ne da harafin fa a jere. Ana kifa kan sarkin a baƙin faranti a ɗiga ruwan gwaji digo biyu ko uku, tambarin ya bayyana, ya bushe cikin minti guda. Ruwan yana kama wuta, kuma tawadar irin bugun Masar mai ɗige-ɗige tana iya narkewa in ya jima a kanta, don haka a fara gwada ɗaga shi ga haske tukuna.

Akwai kuma inda ba sai an hau jirgi ba. Ɗaliban ƙasarmu sun daɗe suna karatu a Azhar suna aiko da wasiƙu gida, kuma a bakin Ƙofar Majalisa ta harabar Al-Aƙsa har yau akwai unguwar zuriyar alhazan da suka taso daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal, cikinsu da Hausawa. Tsohuwar adakar malami a Kano ko Zinder ko Maiduguri tana iya ɓoye ambulan mai irin wannan kan sarki. In an samu, a bar shi yadda yake, har da wasiƙar ciki.

Ajiya a yanayinmu tana da nata sharaɗi. Da damina raɓa tana narka danƙo, sabon kan sarki ya manne da shafi, ga tsatsa mai ruwan ƙasa da ke fara cin haƙora ta bazu zuwa maƙwabta. Da hunturu kuma bushewa tana nannaɗe shi har danƙon ya tsage. A sa kundi a tsaye cikin akwatin da ke rufuwa ruf, ba a kwance an ɗora masa nauyi ba, a jefa ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin tsotse raɓa irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa shanya su ko sauya su daga Yuni zuwa Satumba. Kowane ambulan ya samu rigarsa ta takarda mai sheƙi, ban da leda mai taushi mai wari, ban da salatif, ban da roba mai ɗaurewa. Wanda tsatsa ta kama a ware shi nan take. Bayanin kowanne, garin hatimi da kwanan wata da lissafin kuɗinsa, a rubuta shi da fensir a wata takarda dabam a sa a bayan rigar, kada biro ya taɓa jikin ambulan.